Jiƙaƙƙun Duwatsu a Gidan Mai Rijiya

Rana ta yi ja, kaji sun fara neman akurki, lokacin da dutse na farko ya faɗo tsakar gidan Mai Rijiya. Shi yana zaune a ƙofar ɗakinsa yana gyaran ƙotar diga. Matarsa, wadda kowa ke kira Inna, tana tsugune gaban murhu tana fama da ɗanyen itace, 'yarsu kuma ta dawo daga ɗebo ruwa ke nan, tana juye tulu a randa. Maraice ne irin na kullum, in dai ana kiran maraicen gidan da aka yi rashi irin na kullum. Ba a daɗe da binne autansu ba, takalmansa ma suna nan a bakin ƙofa, babu wanda ya iya kawar da su.

Dutsen ya dira tsakanin murhu da randa, tim, ya tayar da toka.

Inna ta ce, "Kai, yaran unguwar nan ba su da mutunci. Gidan makoki ma ba za su bari ba."

Mai Rijiya ya miƙa hannu ya ɗauki dutsen. A jiƙe yake, sanyi ƙalau, gefe guda duk gansakuka, alhali rabon garin da ruwan sama an kwana biyu. Ya juya shi a tafin hannu ya ga saran dagi a jikinsa, ya kuma gane saran, don nasa ne. Irin duwatsun da ya jera da hannunsa ne a can gindin rijiyar unguwa, tun yana saurayi, wurin da babu yaron da zai iya kaiwa. Ya tura dutsen ƙarƙashin tabarma ya ci gaba da aikinsa.

Rijiyar tana jikin katangar gidansa ta waje, ita ce kuma abin da ya mallaka a duniya na alfahari. Ya haƙa rijiyoyi a ƙauyuka ba iyaka, amma wannan ce ta ba shi suna. Ruwanta garau, ba ta taɓa ƙafewa ba ko a shekarun da rijiyoyin wasu suka koma ramin ƙadangaru. 'Yarsa ta tashi a bakinta. Tun tana ƙarama take bin sa wuraren haƙa tana riƙe masa igiya, har mutane suka manta sunanta suka koma ce mata 'Yar Baba. Shi kuwa Uwata yake kiranta.

Abin ya samo asali ne ranar da wata farar mota ta shigo garin da masu aikin ruwa da tsafta. Aka tara mutane a gindin bishiya, aka nuna musu hotunan ƙuda yana tashi daga bayan gari yana sauka a kan abinci, aka ce za a yi musu rijiyar burtsatse mai famfo. Amma da sharaɗi: sai kowane gida ya yi masai, da butar ruwa da sabulu a ƙofarsa, a daina zagayawa daji. Magana ce mai kyau, babu wanda ya musa. Da aka zo batun wanda zai haƙa ramukan kuwa, duk ido ya koma kan mutum ɗaya.

Cikin baƙin akwai wata yarinya mai farar hula, ita ta ja shi gefe. Ta ce, "Baba, don Allah kada ramin ya wuce tsayin mutum da rabi. Kuma a nisanta shi da rijiya sosai."

Ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "'Yata, tun ba a haifi babanki ba nake cikin rami."

Jama'a suka kwashe da dariya. Ita ma ta yi dariyar, ta ba shi sabulu sanda biyu da hula irin tata, ta shige mota. Sau ɗaya ta yi gargaɗin nan, a tsaye, injin mota yana kunne. Ba ta sake faɗa ba, babu kuma wanda ya dawo ya leƙa rami ko ɗaya lokacin da ake haƙa.

To, shi a sana'arsa mahaƙi ba ya fitowa daga rami sai ya damƙi yashi ya ji danshi a tafin hannunsa. Haka ya koya, haka hannunsa ya saba. Ramin tsayin mutum da rabi a wurinsa aikin rago ne, wanda zai cika cikin shekara biyu a riƙa zagin wanda ya haƙa. Sai ya riƙa nutsawa, ya wuce jar ƙasa, ya fasa marmara, har sai ya ji sanyin yashin nan yana ratsa yatsunsa, sannan ya ce a jefo masa igiya. Masu gida suna sa masa albarka. Na gidansa ya fi kowanne zurfi, ya kuma yi shi a lungun da ya fi sutura, wato jikin katangar nan da rijiya ke bayanta. Ranar da ya ɗora murfin siminti ya bugi ƙirji ya ce wa Inna, "Wannan ko jikokinmu ba za su cika shi ba."

Farar mota ta dawo, aka zaga gida-gida aka ga murafe da butoci, aka ɗauki hoto da Mai Rijiya a tsakiya sanye da hularsa. Aka kafa allon ƙarfe a bakin gari mai cewa garin nan ya zama tsaftatacce. Aka ce injin haƙa yana nan tafe.

Injin bai zo ba, amai da gudawa ne suka zo. Suka fara da 'yar Tela, maƙwabcinsa na dama, yarinyar da ko yaye ta ba a daɗe da yi ba. Suka bi gidaje suna tsintar ƙanana, har suka iso kan autan Mai Rijiya, wanda ya tashi da safe yana wasa da gwangwani, kafin wata safiyar idanunsa sun faɗa ciki. Mutane suka ce ƙaddara ce, wasu suka ce iska ce ta ratsa garin. Akwai ranar da Mai Rijiya ya jawo guga ya ji wani ɗan bashi-bashi yana tashi daga ruwan, wani tunani ya ɗarsu a ransa, ya kore shi kamar ƙuda. Ya ce ƙila ɓera ne ya faɗa.

Maraicen da ya biyo bayan dutse na farko, sai da aka yi ruwan duwatsu. Da rana ta sunkuya suka fara, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, suna tsallako katangar rijiya suna dira a gaban randa. Ba su taɓa kowa ba. Tela da wasu maza suka zaga da sanduna, ba su ga ko kare ba. Bakin rijiya tsit, igiya a naɗe inda aka bar ta, sai dai gefen dutsen bakin a jiƙe yake kamar an hau an fito. Duk wanda ya ɗauki dutse ya ji sanyinsa sai ya yar, ya goge hannu a riga.

Daga nan sai murya. Kullum in duhu ya fara haɗuwa, tsakanin kiran salla da sallamewa, ana jin mace a can ƙasa tana rarrashin jariri, a hankali, da irin muryar wadda ta gaji. Can sai rarrashin ya yanke, a ji kakarin amai, sannan shiru. Shirun ya fi muryar tayar da tsigar jiki. Mata suka daina zuwa ɗiba da yamma. Amma da safe sai su zo, suna addu'a suna zura guga, don ba su da wani ruwan. In ba rijiyar ba, sai tafkin da ke can bayan gonaki, inda shanu ke shiga har gwiwa.

Ranar da abin ya shigo cikin gida sosai, Inna ce ta ɗebi ruwa a moɗa za ta kai baki. 'Yar Baba tana shara a can gefe. Babu wanda ya ga tahowarta, sai dai aka ji moɗa ta bugi bango. Kafin Inna ta ce wani abu yarinyar ta rungumi randar nan, wadda maza biyu ke ciccibawa in ta cika, ta kifar da ita. Ruwa ya malale tsakar gida. Ta tsaya a cikinsa tana kallon ubanta, ido ko ƙiftawa babu.

Mai Rijiya ya ce, "Uwata, lafiya?"

Ta ce, "Ba a sha." Muryar ba tata ba ce. Muryar babbar mace ce, a dishe, irin ta wadda ta sha kuka.

Tun daga lokacin ruwa bai sake wuce maƙogwaronta ba. Ta koma lungun ɗakin Inna ta takure, ta ɗauko sabulun da masu farar mota suka raba tana goga wa hannuwanta a bushe, har fata ta fara saɓulewa. In an kawo mata ruwa sai ta datse haƙora. Maza suka danne ta don a ɗura mata, ta watsar da su. Mai allura ya zo da ledar ƙarin ruwa, ta fizge allurar ta jefa masa, ya tattara jakarsa ya ce wannan ba nasa ba ne. Leɓɓanta suka tsage, harshenta ya yi fari, idanunta suka fara faɗawa ciki, daidai yadda na auta suka yi. Inna ta zauna a ƙofar ɗaki tana kuka ba sauti. Mai Rijiya kuwa, mutumin da ya shayar da ƙauyuka, yana tsaye da moɗa a hannu yana kallon 'yarsa ɗaya da ta rage tana mutuwa da ƙishirwa. Baƙin cikin da ya ji ba ya faɗuwa.

Tela ne ya je ya ɗauko wani Malam mai ruƙiyya daga wani ƙauye mai nisa. Tsoho ne ɗan firit, mai magana ƙasa-ƙasa, ya iso da la'asar sakaliya a kan tsohon keke, da gorar ruwa rataye a kafaɗa. Inna ta aro ruwa a maƙwabta ta kawo masa na baƙunta. Ya kai moɗar kusa da hanci, ya ajiye ta a hankali, ya yi alwala da na gorarsa. Duk a kan idon Mai Rijiya.

Aka fito da yarinyar tsakar gida aka zaunar a tabarma. Unguwa ta cika zaure, waɗanda ba su samu wuri ba suka leƙo ta kan katanga. Malam ya zauna gabanta ya fara karatu, ba da ƙarfi ba, ba tsawa, ba bulala. Ya daɗe yana yi. Inuwar katanga ta miƙe ta rufe tsakar gida, kaji suka shige, hayaƙin murhun maƙwabta ya kwanta ƙasa-ƙasa. Can sai yarinyar ta ɗago kai, ta gyara zama irin na manyan mata, ta ja mayafi ta rufe ƙafafunta, ta yi sallama.

Malam ya amsa ya ce, "Ashe Musulma ce. Wace ce ke, baiwar Allah?"

"Maƙwabciyarsu ce. Na riga su zama a nan."

"A rijiya kike?"

"A ruwan nake tun babu rijiya. Ranar da dagin mutumin nan ya huda rufin gidana, na ji ya ambaci sunan Allah, ya nemi izini da ladabi. Sai na matsa na ba shi wuri. Shekara da shekaru muna sha tare. Yaransu nawa suka leƙa za su faɗa na tura su baya? Tambaye su ko guga ya taɓa ɓata musu a ciki."

Kowa ya san gaskiya ne, ba a taɓa rasa ko guga a rijiyar ba.

Malam ya ce, "To, maƙwabcin kirki ba ya jifan gida. Ba ya kashe 'ya'yan mutane, ba ya kama 'yar mutane ya hana ta ruwa. Ki ji tsoron Allah."

Ta yi wata 'yar dariya wadda babu daɗi a cikinta. "Ni na kashe? Malam, ka iya bakinka. Jifa na yi, na kuma yi shi ne gaban randa, ko mai hankali zai duba abin da ke ciki. Na yi kuka a inda za su ji. Da safe sai su zo su zura guga." Ta juyo da fuskar yarinyar wajen Mai Rijiya. "Maƙwabci, gaya musu inda ka tsaya da haƙa."

Ya ce, "Haƙar me?"

"Ramukan ƙazantarku. Gaya musu abin da kake damƙa a hannu kafin ka ce a jefo igiya."

Ya ji idanun unguwa duka a bayan wuyansa. Da ƙyar ya ce, "Yashi mai danshi."

"Danshin nan daga ina yake zuwa?"

Ya san amsar tun ranar da ya ce ɓera ne.

Ta ce, "Yashin nan shi ne shimfiɗata. Ta cikinsa ruwan yake tafiya. Gida-gida ka bi kana huda mini rufi, kuna tsugunawa a kaina, na gidanka kuma har tsakiyar ɗakina ya sauka. Abin da kuka zubar da safe shi kuke jawowa da yamma ku ba 'ya'yanku. Ni ma ina da ɗa, Malam. Abin da nasu suka sha shi ya sha. A hannuna ya ƙare."

Wata mata a zaure ta rushe da kuka. Tela, wanda ke tsaye a bakin ƙofa, ya zame ya zauna a ƙasa, yana kallon Mai Rijiya kamar yau ya fara ganinsa. Inna ba ta dubi mijinta ba. Takalman auta take kallo.

Malam ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri, an zalunce ki. Amma yarinyar nan ba ta haƙa komai ba. In fansa kike nema, ba a kanta take ba."

"Ba fansa nake nema ba. Ya riga ya biya da hannunsa, ɗansa yana ƙasa kamar nawa. Wurin zama na rasa. Duk garin nan babu inda ya rage mai tsabta sai jikin yarinyar nan, shi ya sa na shiga. Kuma muddin ina ciki, ruwan can ba zai taɓa bakina ba."

"To, za ta mutu."

"Na sani. Ba na so, amma na sani."

Mai Rijiya ya rarrafo ya durƙusa a gaban 'yarsa, hawaye yana bin gemunsa. Ya ce, "Zan cike ramukan duka, wallahi gobe zan fara. Zan shiga rijiyar in yashe ta, in kwashe ruwan har ƙasa, sau nawa kike so."

Ta ce, "Kai da kanka ka san abin da ya shiga cikin ƙasa ba ya fita da guga. Zai wanke kansa, amma sai damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce. To, ga abin da ke akwai, ka zaɓa. Ko in zauna a jikinta in jira gidana ya tsarkaka, in koma, ruwanku ya dawo garau yadda kuka san shi, ita kuma abin da Allah ya yi da ita shi ke nan. Ko in fita yanzu in bar garin. Amma in na tashi, da ruwana zan tafi. Ba na barin shi a hannunku."

Ana jin numfashin yarinyar yana fita da ƙyar.

Malam ya ce, "A sassauta, baiwar Allah. Ki fita, ki bar musu ruwan zuwa lokacin da za a kawo musu famfo. An yi musu alkawari."

"Alkawari." Ta girgiza kai. "Ni a ƙasa nake, ina jin duk ƙarfen da ya huda ta. Injin nan ya zo ya gama aikinsa tuni, a garin bakin titi, inda masu wucewa a mota za su ga allo. Ba zai shigo nan ba. Kada ka ja ni da magana, Malam, yarinyar ba ta da sauran lokaci."

Tela ya miƙe tsaye. "Mai Rijiya, kada ka yanke mana hukunci kai kaɗai. Ka kashe mana waɗanda muka binne, yanzu kuma za ka kashe mana waɗanda suka rage? Ruwan nan na gari ne, akwai sauran yara a gidajen nan!"

Wasu suka ce gaskiya ne, wasu suka ce a ji tsoron Allah, rai ne a gabansu. Mai Rijiya bai ji ko ɗaya ba. Hannuwan 'yarsa yake kallo, waɗanda suka riƙe masa igiya tun ba su kai girman ƙotar diga ba, ga su yanzu duk sun saɓule. Ya san abin da rijiyar take a wurin mutanen nan, ya fi kowa sani. Ya kuma san ba zai sake ɗaukar makara daga ɗakin Inna ba.

Ya ce, "Tafi da ruwanki."

"Ka faɗa da ƙarfi, su ji bakin wa ya fito."

Ya ɗaga murya. "Na ce tafi da ruwanki, ki bar mini 'yata!"

Malam ya sa ta yi rantsuwa ba za ta dawo ba, ba kuma za ta taɓa kowa a hanyarta ba. Ta yi. Sannan ta dubi Mai Rijiya ta ce, a hankali, "Mun yi zaman arziki, maƙwabci. Kai ka ɓata." Yarinyar ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki, ta sulale a cinyar Inna. A bayan katanga aka ji wani dogon zuƙa daga cikin rijiya, kamar ana tsotse ragowar ruwa a ƙasan kwano, ya yi ta yin nisa har ya ɓace. Daidai lokacin aka kira magariba.

'Yar Baba ta buɗe ido ta ce, da muryarta ta ainihi, "Inna, ruwa."

Inna ta dubi randa, ta dubi moɗar da Malam ya ajiye, ta rasa inda za ta sa hannu. Duk gidan Mai Rijiya babu kurɓi ɗaya da za a iya ba ta. Malam ne ya kwance gorarsa ya riƙa ɗiga mata a baki kaɗan-kaɗan, har ta ƙare.

Da safe guga ya sauka ya bugi laka, washegari ya bugi busasshiyar ƙasa. Mai Rijiya ya shiga da diga ya ƙara mata zurfi har igiya ta ƙare, bai ji danshi ba. Ya gwada gabas da gari, ya gwada cikin kwari, wuraren da a da ko ido rufe zai nuna ya ce a sara a nan. Ƙura kawai yake fitarwa.

Mutanen gari kuwa darasin da suka ɗauka daban ne. Suka ce masai ne aljanu ba sa so. Cikin mako guda kowa ya fasa murfinsa ya cike raminsa, aka koma zagayawa daji kamar da, a kan gangaren da ruwan sama ke wankewa ya zuba a tafki. Mai Rijiya ya bi su yana cewa ba masai ne laifi ba, zurfin ne, da kusancin, a yi gajere a can nesa yadda yarinyar nan mai hula ta faɗa. Wa zai saurare shi? Tela ya ce masa a gaban mutane, "Kai dai ka gama koya mana haƙa." Ya roƙi a riƙa tafasa ruwan tafki kafin a sha, mata suka ce ya kawo itacen. Allon ƙarfe yana nan a bakin gari, awaki suna sosa jiki da shi, har yau yana shaida cewa garin tsaftatacce ne.

'Yar Baba ta warke, ba ta tuna komai ba, iyayenta kuma ba su gaya mata ba. Ita ke zuwa tafki yanzu, tafiyar da in an fita da hantsi sai rana ta take ake dawowa. Wata rana ta dawo da tulu rabi, gaban rigarta duk laka. Ta ce, "Baba, wai me na yi wa matan unguwa? In na cika tulu babu mai ɗora mini. Ina sallama sai su yi shiru. Yau sai da na zubar da rabi sannan na iya ɗauka."

Tun daga ranar shi yake raka ta. Yana tafe a bayanta da tsufansa, su wuce rijiyar da aka rufe da ƙaya, su wuce allon, su ratsa gonaki. A bakin tafki mata sukan ja gefe su ba su wuri, ba don girmamawa ba. Yarinyar takan kore shanu, ta shiga har ƙauri, ta shimfiɗa gefen mayafinta a bakin tulu tana tace ruwan, jajir da shi, da 'yan ƙwari suna motsi a kan ƙyallen. In ya cika sai ya sunkuya ya ciccibo ya ɗora mata.

Ranar nan da ya ɗora mata, ta ga yana haki, sai ta ce ya sauke. Ta ɗebo masa a moɗa ta miƙa da hannu biyu.

Ta ce, "Ka bari ya ɗan kwanta tukuna, Baba." Ta tsaya tana kallon ruwan, sannan ta ce, "Na rijiyarmu ya fi daɗi. Kai da ka san ƙasa, wai me ya ƙafar da ita?"

Matan da ke kusa suka daina ɗiba, suna jira su ji. Mai Rijiya bai jira ruwan ya kwanta ba. Ya kafa kai ya shanye, yashi yana ƙaras-ƙaras a haƙoransa, ya miƙa mata moɗar ya ce, "Juyo in ɗora miki, Uwata. Innarki tana jira."